Ɗana zai kai ni kamun kifin da ba a ci, wa ya san wannan fatsar ta Montana?

Ɗan Yeji, Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai dole ta sa.

Ni ɗan masunta ne. Kakana daga Yawuri ya zo, a Yeji ta ƙasar Gana aka haife ni bayan ruwan madatsar Akosombo ya cinye tsohon gari, kuma kafin in san baƙi da wasali na san ɗaurin mamari da jifan birgi. Na sha nutso ina kwance kalli daga kututturan itatuwan da tabkin Volta ya binne. Sai dai yau shekara talatin ke nan da na bar ruwa, kayan mota nake sayarwa a Suame cikin Kumasi, kifi kuwa sai wanda uwargida ta sayo a kasuwar Asafo.

Ɗana na fari ya yi karatun injiniya a jami'ar da ke Bozeman, jihar Montana ta Amurka, ya samu aiki ya zauna can. Matarsa ta haihu, biza ta fito, ni da mahaifiyarsa za mu je a watan Yuli in Allah ya kai mu. To yaron nan wai so yake ya faranta mini rai, tunda kullum labarin Yeji nake ba su. Sai ya ɗauko mana ɗan jagora na kwana biyu a wani kogi da ake kira Madison, mu je kamun wani kifi wai shi tirawut. Na matsa masa ya faɗa mini kuɗin, ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya ce kusan dala 700 ne kowace rana, ban da lasisi, ban da na goro da za a ba jagoran. Na buga shi da sidi a waya, na ajiye wayar, na nemi ruwa na sha.

Ya turo mini bidiyo. Wani Bature tsaye cikin ruwa har cinya, yana ta kaɗa doguwar sanda gaba da baya kamar mai korar shanu, igiya tana yawo a sama. Babu tana a ƙugiyar, babu ƙullun garin masara, babu komai sai wani ɗan gashi. Can sai kifi ya kama, kifi mai kyau kuwa, zai kai tsawon kamu ɗaya. Ya jawo shi, ya ɗaga shi, aka ɗauki hoto, sai na ga ya mayar da shi ruwa yana murmushi. Wallahi sau uku na maimaita wurin, na zaci kufce masa ya yi.

Abin da nake so wanda ya sani ya warware mini: yaya kifi mai hankali zai haɗiye gashin kaza? Me ya sa ake sakin sa, ba ya ciyuwa ne? Sannan gwiwata ta hagu ba ta da lafiya, kuma ni ko hunturun Kumasi da rigar sanyi nake yin sa. In abin wahala ce kawai da ɓarnar kuɗi, gara in sani tun yanzu in lallashi yaron ya karɓo kuɗinsa, don ba na so in je in ɓata masa rai a gaban baƙo.

Hajiyar Nima

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya jika, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne.

Ni dai shawarata, ka ce wa yaron ya turo mini kuɗin kwana ɗaya. Zan sa a kawo maka karfasar Akosombo mai rai cikin baho har ƙofar gidanka a Aboabo, ka kama, ka ɗauki hoto, ka saki, ka sake kamawa har ka gaji. In ka gama wasan mu gasa ta da yaji da albasa, a ci da banku, kowa ya huta. Shekara ashirin ina soya kifi a bakin titin Nima, ban taɓa jin wanda ya biya kuɗi don ya gaisa da kifi ya dawo gida hannu rabbana ba.

Mai Tirela, ɗan Asawase a Kolorado

Hajiya kin sa ni dariya ni kaɗai a cikin mota. Baba Alhaji, barka da arziki. Ni ɗan Asawase ne, shekarata goma sha ɗaya a Denba ina jan tirela, kuma hanyar Montana na sha bin ta. Abin da ka faɗa game da bidiyon nan, haka na faɗa wa abokin aikina ranar da ya fara ja na zuwa kogi. Yanzu sanda biyu gare ni a bayan kujera. Bari in faɗa maka abin da na sani.

Kifin ba gashin kaza yake gani ba, ƙwaro yake gani. Kai da ka tashi a Yeji ka san daren da shinge ya fito bayan ruwan farko, yadda fuskar ruwa take tafasa da kifi suna cafke wanda ya faɗo. To tirawut kusan rayuwarsa ke nan. Yawancin abincinsa ƙwari ne da ke girma a ƙarƙashin duwatsun kogi, in lokacinsu ya yi su taso sama su yi fiffike. Sai mutanen suka ce, maimakon a yi ta farautar ƙwaro ana soka shi a ƙugiya yana wargajewa, bari a ɗaura gashin tsuntsu da na dabba da zare a jikin ƙugiyar har ta yi kama da ƙwaron da kifin yake ci a ranar. Akwai wanda yake yawo a saman ruwa, akwai mai nutsewa kamar tsutsar ƙwaron, akwai babba da ake ja kamar ɗan kifi mai gudu. A ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli wani ƙaton ƙwaro yana fitowa a Madison, ya kai tsawon ɗan yatsa, cikinsa ruwan lemo, bayan ya yi kamar shekara uku a ƙarƙashin ruwa. Mutane daga ko'ina suke zuwa saboda shi. A Agusta kuma fara ce, iska na kaɗo ta daga ciyawar bakin kogi.

Kaɗa sandar da ka gani ba ado ba ne. A fatsarmu ta gida darma ko tana ita ke da nauyi, ita ke jan zare in ka jefa. Shi wannan ƙwaron ba shi da nauyin komai, in ka jefa shi a ƙafarka zai faɗi. Don haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake jefawa, ita take ɗaukar ƙwaron ta kai shi. A ƙarshenta akwai siririn zaren roba da kifi ba ya gani sosai. Sandar da aka fi amfani da ita ƙafa 9 ce, amma ba ta da wani nauyi a hannu. Ƙarfi ba ya aiki a nan, lokaci ne: ka ɗaga, ka dakata igiya ta miƙe a bayanka, sannan ka tura. Ni ranar farko gaggawa na yi, ƙugiya ta tsinke mini hula, ta biyu ta shige bayan kunnena. Abin da ya cece ni an riga an danne kunnen ƙugiyar da filaya, sai ta zare ba wahala. Saboda haka kada ka cire hula da baƙin tabarau ko da hadari ya rufe rana.

Amma jifan ba shi ne gwanintar ba, ko da yake shi ake nunawa a bidiyo. Gwanintar ita ce ƙwaron ya bi ruwa kamar ba a ɗaure yake da komai ba. Da zarar igiya ta ja shi ya ɗan yi gudun da ya saɓa wa na ruwan, kifin zai taso, ya dube shi, ya juya abinsa, kana kallo, don ruwan garau yake har kana ƙirga duwatsun ƙasa. A nan nake ganin za ka fi yawancin masu zuwa da tsadaddun kaya. Sanin inda kifi yake kwanciya, bayan dutse, gindin gaɓa, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, wannan ba a sayen sa a kanti, kuma kai da shi ka tashi.

Maganar saki kuwa, ba don ba ya ciyuwa ba ne. Yana da daɗi, tsokarsa laushi, ƙaya kaɗan. Dalilin yana da tarihi. Da can jihar tana kiwon kifi a gona tana zubawa a koguna kowace shekara. Wani masanin kifi, Dick Vincent, ya yi gwaji a wannan Madison ɗin, ya gano cewa inda aka daina zuba na gona, kifin da ke haihuwa da kansa a kogin ƙaruwa yake yi. A 1974 Montana ta daina zuba tirawut a kogunanta. Ke nan duk wanda za ka kama a can haifaffen kogin ne, kuma masu zuwa sun yi yawan da in kowa ya tafi da biyar, shekara kaɗan za a share shi. Sun ma taɓa ganin tashin hankali: a 1994 aka gano wata cuta a Madison da ke cin guringuntsin ƴaƴan kifi har su riƙa juyi a wuri ɗaya, ta kusa ƙarar da wani nau'in tirawut mai jan zane a gefe. Shi ya sa a wasu sassan kogin sakin doka ne, a wasu kuma al'ada ce mai ƙarfi. In za ka taɓa kifin ka jiƙa hannu tukuna saboda yauƙin jikinsa, kuma kada ya daɗe a waje.

Wani abin da zai ba ka dariya, yawancin kifin da ake wannan rawar kai a kansu baƙi ne kamar mu. Mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige daga Jamus aka fara kawo shi Amurka a 1883. Mai jan zanen daga kogunan da ke gangarawa tekun Fasifik aka kawo shi. Ɗan gari shi ne mai jan tabo a ƙarƙashin haɓa, kamar an fara yanka shi an fasa, kuma shi ne ya fi ƙaranci yanzu.

Gwiwa: ka ce wa ɗanka ya tabbatar na kwale-kwale ya biya, ba na tsayuwa cikin ruwa ba. Duwatsun Madison mulmulallu ne masu santsi, ruwan kuma yana da ƙarfi, ni da ƙuruciyata ya taɓa kayar da ni wandon roba ya cika da ruwan da ya sa na manta sunana. Daga gadar Lyons zuwa garin Ennis ana yin fatsa daga cikin jirgi, jagora na tuƙi da filafilai biyu, kai kana gaba a kujera. Daga Bozeman zuwa Ennis kamar awa ɗaya ne a mota.

Yuli lokaci ne mai kyau. A Mayu da farkon Yuni ƙanƙarar duwatsu ke narkewa, koguna su cika su yi jajir. In kuma zafi ya yi yawa, ruwa ya kai digiri 23 kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare a kogin da abin ya shafa, don kifin ruwan sanyi ne, in ya sha wahala a ruwa mai ɗumi ko an sake shi mutuwa yake. Da safe akwai sanyi ko a Yuli, da rana kuma rana mai ƙuna, sai ka sa riga kan riga ka riƙa ragewa. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9, asuba kuma tun kafin 4, ka shirya wa wannan. Alƙibla arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Ka gaya wa jagoran tun da safe za ka yi azahar, zai tsaya a gaɓa, ni ban taɓa samun wanda ya ɓata fuska ba. A kuma gaya masa tun kafin ranar cewa ba naman alade a abincin rana, don su suke kawowa. Kuma don Allah kada uwargidanka ta sa kilishi a jaka, ba a shiga Amurka da nama.

Kuɗin da yawa, ban musa ba. Kwana ɗaya da jagora ya isa mutum ya koya, a ganina.

Malam na Sabon Zango

Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Mai Tirela ya yi bayani mai gamsarwa ta fuskar sana'a, amma akwai gefen da ba a taɓa ba, kuma na san zai zo maka a rai ko ba yanzu ba. A Risala, wadda duk muka karanta a zaure, an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Kifi dabba ne mai rai, ƙugiya kuma tana huda shi. Wanda ya fita da niyyar ci ko sayarwa, ya kama ƙarami ya mayar, ko ya kama wanda hukuma ta hana ɗauka ya mayar, wannan ba magana. Wanda kuwa tun daga gida niyyarsa ya huda bakin kifi ya ɗauki hoto, ni dai raina bai kwanta da shi ba. Ban ce haramun ba, kada a ɗauke ni da nisa, kuma na ga hikimar hana kwashe kifin kogi. Amma in akwai wurin da za ku kama ku ci, ya fi mini.

Mai Tirela, ɗan Asawase a Kolorado

Allah ya gafarta Malam, wannan maganar ta taɓa hana ni barci, kuma har yau ban gama da ita ba. Abin da nake yi, ina duba littafin dokar kowane ruwa kafin in je, don kowane sashe da hukuncinsa, in an yarda a ɗauka sai in ɗauki ɗaya ko biyu na miya.

Baba Alhaji, ga wata dabara. Gandun Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, ba shi da nisa da ku, can ma Madison ya faro. A babban tabkin da ke ciki akwai wani ƙaton tirawut na tabki da aka gano a 1994, ba ɗan wurin ba ne, yana cinye ɗan garin mai jan haɓa. Shi wannan doka ta hana a mayar da shi da rai, in ka kama dole ka kashe. Ka ga an haɗa lada da romo. Sai dai a zurfi yake zama in ruwa ya ɗumama, an fi samun sa daga jirgi. Gandun yana da takardar izininsa daban, lasisin Montana ba ya aiki a ciki, ba a sa tana, ba a sa darma, ƙugiya kuma sai marar kunne. In kun ga ɓaunansu a bakin hanya ku tsaya a mota, suna da kamar sanyin hali amma suna sukar mutane.

Ɗan Fadama

Baba ni ba ruwana da tirawut, maganar Mai Tirela ce ta tsaya mini, wai ana ƙirga duwatsun ƙasan kogi. Watan jiya na bi ta Dunkwa, na leƙa kogin Offin daga kan gada, wallahi kamar kokon da aka dama da yawa. Pra haka, Ankobra haka, Birim haka, duk galamse, haƙar zinare ta bayan fage, ta gama da su. Can ana rufe kogi don ruwa ya ɗan yi ɗumi, mu nan injin haƙa ne a tsakiyar ruwa dare da rana. In ka je ka ɗauko mana bidiyon ruwan kawai, ko ba kifi.

Tambaya kuma ga Mai Tirela: wannan sandar ba za ta kama tsage a Volta ba? Na ji ana kamun danginsa da ita a kogin Zambezi.

Mai Tirela, ɗan Asawase a Kolorado

Za ta kama, amma da sanda mai ƙarfi fiye da ta tirawut, da ƙwaro mai kamar ɗan kifi, kuma sai ka sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa za su datse zaren kamar almakashi. Ina da niyyar gwadawa in na zo gida babbar salla.

Ɗan Yeji, Aboabo

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya, bahonki yana nan a ajiye, in na dawo ban kama komai ba zan aiko.

Mai Tirela, da ka kawo maganar shinge sai ka mayar da ni shekara arba'in baya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in shinge ya fito yakan kashe fitilar jirgi ya ce mu yi shiru mu saurara, daga ƙarar cafkar kawai yake gane ƙawara ce ko karfasa. Kuma shi ma, yanzu da na tuna, in birgi ya kwaso ƙanana yakan tsince su ya watsa a ruwa yana cewa su je su kira iyayensu. Hoto ne dai ba ya ɗauka.

Malam, maganarka ta zauna mini. Jiya bayan isha'i na kira yaron, can rana tsaka ce a wurinsu. Na ce masa kwana ɗaya a Madison ya isa, kuma a cikin jirgi. Ya ce dama na jirgin ne, daga wata gada zuwa Ennis, ina jin ita ce wadda Mai Tirela ya ambata. Kwana na biyun na ce a soke jagora, mu ɗauki mahaifiyarsa da mai jego da jaririn mu tafi tabkin nan na Yellowstone, ya binciko mana yadda ake samun jirgi. In Allah ya ba mu wanda doka ta ce a kashe, uwarsa ta riga ta ce za ta tafi da yajinta da kanwa. Ya yi shiru, na zaci ransa ne ya ɓaci, ashe dariya yake ƙunshewa, wai tun farko matarsa ta ce masa Baba ba zai yarda ya saki kifi kwana biyu a jere ba.

Ya ce akwai tsohuwar sanda a wurinsa, wani da zai zo Kumasi ƙarshen wata zai kawo mini in fara koyon jifan, da ɗan ƙullin ulu a maimakon ƙugiya. Filin makarantar da ke bayan gidanmu zan riƙa zuwa bayan asuba, kafin yaran unguwa su tashi su ga Alhaji yana fatsa a kan yashi. Mai Tirela, in na ɗaga sandar, ƙirga nawa zan yi kafin in tura ta gaba?